Na gano matsala a sakamakon bincikena kan ƙwayoyin hancin yara, yaya zan tunkari malamina?

Mai_Tsinken_Auduga ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan saƙo ina gogewa, yau dai na daure.

Ina shekarata ta uku a karatun digiri na uku. Aikina a kan ƙananan halittun da ke zaune can ƙuryar hancin yara ne, abin da ake kira maikrobayom. Tambayar da muke son amsawa ita ce, shin yaran da ciwon huhu ya kwantar a asibiti, bakteriyar da ke bayan hancinsu ta bambanta da ta yara masu lafiya da aka kawo allurar rigakafi? Na ɗauki samfur da tsinken auduga daga yara 60 marasa lafiya da 60 masu lafiya, duk 'yan ƙasa da shekara biyu. Kowane tsinke na saka shi a ruwan adana samfur da ake kira STGG, na adana a firiza mai sanyin -80, daga baya na tatsi DNA muka aika aka karanta mana sashen V4 na 16S, wato ɓangaren DNA da ake gane nau'in bakteriya da shi.

Da sakamako ya dawo, yara marasa lafiya sun cika da Haemophilus da Streptococcus da Moraxella, kamar yadda muka zata. Masu lafiya kuma akwai Corynebacterium da Dolosigranulum, wannan ma ba sabon abu ba ne. Amma ban da su sai ga Ralstonia da Bradyrhizobium da yawan gaske a wurin masu lafiyar, a wurin marasa lafiyar kuwa kusan babu. Malamin da ke duba aikina da ya ga zanen, sai da ya miƙe tsaye. Ya ce mun samo bakteriyar da ke kare yara, in rubuta maƙala cikin mako shida. Ban taɓa ganin ya yi murna da aikina haka ba, ni ma ranar ban iya barci ba don daɗi.

Makon da ya wuce ina rubuta sashen yadda aka yi aikin, sai na buɗe littafina na ɗakin gwaji don in kwafi lambar kwalin sinadaran tatsar DNA. Lamba biyu na tarar. Samfuran marasa lafiya duk da kwali na farko na tatse su. Na masu lafiya sai bayan wata biyar, da wani kwalin daban, saboda na farkon ya ƙare. Sannan ban saka kwalba fanko ko ɗaya ba, wato wadda babu samfur a ciki sai sinadaran kawai. Babu wanda ya ce in saka, ni ma ban san ana yi ba a lokacin. Na koma na duba Bradyrhizobium, ashe a ƙasa take zama, a jikin saiwar tsirrai dangin wake. Me zai kai ta hancin jariri ɗan wata huɗu? Tun lokacin gabana ke faɗuwa.

Malamina likitan yara ne, mutumin kirki. Shi ya nemo kuɗin binciken, shi ya tsaya mini lokacin da kwamitin ɗa'a ya riƙe takardunmu. Amma bai taɓa riƙe bututun gwaji ba tun yana ɗalibi, kuma sau ɗaya a wata nake ganinsa, minti goma sha biyar, wayarsa na ta ƙara. Ban taɓa jin wani ɗalibinsa ya ce masa "a'a" ba. Don Allah ku gaya mini gaskiya: tsoron da nake ji yana da tushe? In yana da shi, ta ina zan fara masa magana? Kuma in na nemi wani masani ya riƙa duba mini ɓangaren ɗakin gwaji, cin amanarsa ne?

Dattijon_Benci ya amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tsoronki yana da tushe, ba zan ɓoye miki ba. Shekaru da yawa na yi ina tatsar DNA, kuma waɗannan sunaye biyu da kika ambata duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san su. A cikin ruwan sinadaran kamfani suke zuwa, wani lokaci a ruwan da aka tace na ɗakin gwajin.

A 2014 Susannah Salter da abokan aikinta a Birtaniya sun yi wani gwaji da ya kamata a fara nuna wa kowane ɗalibi kafin a ba shi mabuɗin firiza. Sun ɗauki bakteriya iri ɗaya tak, Salmonella bongori, suka riƙa tsinka ta da ruwa ninki goma-goma, suna tatsar DNA a kowane mataki. A matakin farko Salmonella ce kawai ke fitowa. Da ta yi ƙaranci sosai sai wasu ƙwayoyi barkatai suka mamaye sakamakon, alhali babu wanda ya zuba su. Ralstonia da Bradyrhizobium suna cikin jerin baƙin da suka lissafa. A cikin aikin nan dai sun duba samfuran bayan hanci na jarirai daga wani sansanin 'yan gudun hijira a iyakar Tailan da Bama. Da farko sai ya yi kamar ƙwayoyin suna sauyawa ne yayin da yaran ke girma. Da aka bi diddigi, ashe samfuran sun rarrabu ne bisa kwalin da aka tatse su da shi. Kin ga irin naki sak.

Akwai kuma dalili na biyu da zai sa abin ya fi bayyana a masu lafiya, ko da kwali ɗaya kika yi amfani da shi. Na'urar karanta 16S ba ta ƙirga miki yawan ƙwayoyi, kason kowace kawai take ba ki. Yaro mai majina da zazzaɓi hancinsa cike yake da bakteriya, ɗan dattin da ke cikin sinadari ba ya ko bayyana. Yaro mai lafiya kuwa tsinken kan fito kusan a bushe, sai dattin ya samu fili ya zama kaso babba. Kamar cokalin gishiri ne, a randa ba a jin sa, a ɗan kofi kuwa ba ya shawuwa.

Abin da zan yi in ni ne: in akwai ragowar STGG a firiza, ki sake tatsa duka da kwali ɗaya, ki gauraya marasa lafiya da masu lafiya a kowane zagaye, kada ki sake jera su rukuni-rukuni. Kowane zagaye ki saka kwalba fanko aƙalla biyu, da tsinken da ba a sa a hancin kowa ba, da haɗin ƙwayoyin da aka san abin da ke cikinsa. Ki auna yawan 16S na kowane samfur da qPCR, gwajin da ke auna yawan DNA. Daga nan ki zana kason Ralstonia a gefe guda, yawan DNA a ɗaya gefen. In datti ce, za ki ga tana hawa yayin da DNA ke sauka. Akwai manhajar decontam ta R da aka fitar a 2018, a kan wannan dabarar aka gina ta.

Abu ɗaya kuma tunda muna nan: V4 ba ta iya raba miki Streptococcus pneumoniae, wato numokokus mai jawo ciwon huhu, da 'yan'uwanta marasa illa irin su mitis. In za ki ce komai a kan numokokus, sai kin ƙara PCR na lytA, gwajin DNA da ke tantance ta.

Kada ki ɗauka aikinki ya mutu. Samfur 120 da aka ɗauka da kyau aka adana da kyau dukiya ce. Akwai ragowar?

Mai_Tsinken_Auduga ta amsa:

Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Akwai. Kowane samfur gida biyu na raba shi tun ranar ɗauka, rabi bai taɓa narkewa ba. Na sauka na ƙirga yanzu, 113 suna nan lafiya, bakwai sun ƙare.

Likitar_Yara ta amsa:

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Dattijo ya gama maganar sinadari, ni ɓangaren da kika ce "kamar yadda muka zata" nake so mu tsaya a kai, domin nan ma akwai rami.

Tambayata ta farko: yaran da aka kwantar, kafin ki sa musu tsinke, nawa aka riga aka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta? A aikina na yau da kullum da wuya in ga yaro mai ciwon huhu da ya iso gadon asibiti bai sha komai ba, kuma da zarar an karɓe shi allura ake fara yi. Corynebacterium da Dolosigranulum suna raguwa bayan irin waɗannan magunguna. To in kin ga babu su a hancin mara lafiya, rashinsu ne ya buɗe wa ciwon ƙofa, ko ciwon ne ya kore su, ko maganinmu ne? Samfurin rana ɗaya ba zai raba miki waɗannan ukun ba. In kin rubuta lokacin allurar farko a takardar kowane yaro, ki fito da shi yanzu.

Shi ya sa binciken da suka fi nauyi a wannan fage su ne waɗanda suka bi yara tun suna lafiya. A Kofanhegan, Hans Bisgaard da mutanensa sun ɗauki samfur daga maƙogwaron jarirai 'yan wata ɗaya, suka wallafa a 2007 cewa waɗanda ke ɗauke da numokokus ko Haemophilus influenzae ko Moraxella catarrhalis tun lokacin sun fi kamuwa da asma kafin su cika shekara biyar. A Ostireliya, Shu Mei Teo da abokan aikinta sun bi yara 234 cikin shekararsu ta farko, aka wallafa a 2015, suka ga Streptococcus da Moraxella da Haemophilus suna yawaita a lokacin ciwon numfashi, kuma zuwansu yana da alaƙa da saukar ciwon daga hanci zuwa ƙirji. Rukunin Debby Bogaert a Holan su ne suka nuna cewa jariran da ke shan nonon uwa sun fi riƙe Corynebacterium da Dolosigranulum, kuma an fi samun ƙarancin ciwon numfashi a wurinsu. Akwai ma hujja daga ɗakin gwaji cewa kariyar tana iya zama ta gaske: Corynebacterium accolens tana fasa kitsen da ke fatar cikin hanci ta saki wani sinadari da ke hana numokokus girma.

Na biyu, ina bairos a cikin lissafinki? Babban binciken PERCH da aka yi a ƙasashe bakwai, Gambiya da Mali da Kenya da Zambiya da Afirka ta Kudu da Bangaladash da Tailan, ya nuna a 2019 cewa RSV, wata bairos mai kama hanyar numfashi, ita kaɗai ce sanadin kusan kashi 31 cikin ɗari na tsananin ciwon huhun da ke kwantar da yara. Kuma a 2016 an wallafa cewa jarirai masu RSV da Haemophilus influenzae ko Streptococcus suka mamaye hancinsu sun fi kaiwa ga kwanciya asibiti. Wannan haɗin gwiwa tsakanin bairos da bakteriya tsoho ne. A 2008 Morens da Taubenberger da Fauci sun sake duba naman huhun waɗanda annobar murar 1918 ta kashe, suka kammala cewa yawancinsu bakteriyar da ta biyo bayan murar ce ta ƙarasa su, kuma irin wadda ke zaune a hanci da maƙogwaro ce dama. In za ki narkar da ragowar samfurin nan, sau ɗaya za ki samu wannan dama, ki ware ɗan kaɗan don gwajin RSV da mura.

Na uku, ki kiyaye alƙalaminki kada ya rubuta "huhu" inda hanci kika auna. Shekara da shekaru littattafan likitanci na cewa huhun mai lafiya babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsa, har ma da aka ƙaddamar da babban shirin maikrobayom na ɗan Adam a Amurka a 2007 ba a sa huhu cikin wuraren da za a duba ba. Sai daga 2010 aka fara ganin akasin haka. Binciken Charlson na 2011 ya nuna akwai su, amma sun gaza na maƙogwaro da ninki 100 zuwa 10,000, kuma a wurin manya sun fi kama da na baki, irin su Prevotella da Veillonella, saboda ɗan miyau da ke zurarewa cikin ƙirji musamman lokacin barci. Robert Dickson da Gary Huffnagle na Jami'ar Mishigan sun kwatanta huhu da tsibiri: baƙi na shigowa, tari da gashin hanyar iska da garkuwar jiki na fitar da su, ciwo kuma yakan taso ne idan wannan ma'auni ya karkace.

Abin da ke sa ni zafi a kan wannan, mu da ke bakin gado mu muke ganin ƙarshen maƙala mai gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon huhu ya kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara biyar a 2019. Iyaye a matse suke, duk abin da aka ce yana karewa za su nema. A ɓeraye an ga abubuwa masu ban sha'awa, kamar aikin ɗakin gwajin Akiko Iwasaki na 2011 inda ɓerayen da aka share wa bakteriyar jiki da magani suka kasa yaƙar mura yadda ya kamata. Amma da aka gwada ba wa mutane fiye da 2,600 da ke kan na'urar numfashi wata bakteriya da ake ganin tana da amfani, Lactobacillus rhamnosus GG, a gwajin PROSPECT, sakamakon 2021 ya nuna bai rage musu ciwon huhu ba. To ina ga Ralstonia, wadda an sha samun ta tana gurɓata ruwan asibiti tana sa marasa ƙarfin garkuwa ciwo? Ki tuna wa malaminki wannan, likita ne, zai fahimta nan take.

Malam_Mai_Jan_Biro ya amsa:

'Yata, bari in yi miki magana daga ɗaya gefen teburin, domin ni ma ɗalibai nake dubawa, kuma abin da ke shirin faruwa da malaminki ya taɓa faruwa da ni.

Wani ɗalibina ya ga kuskure a bayanansa wata uku kafin mu aika maƙala, ya yi shiru saboda yana ganin girmana. Mai tantancewa na mujalla ne ya gano, ya rubuto mana shafi biyu. Da na kira yaron sai ya ce ai ya sani. Kuskuren bai dame ni ba kamar wannan kalmar. Na daɗe ina tambayar kaina wane irin ofis na gina da yaro zai gwammace baƙo ya tona mu a kan ya ƙwanƙwasa ƙofata. Sunan malaminki ne zai zo a ƙarshen jerin marubuta. Cikin sharuɗɗa huɗu na zama marubuci da kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya gindaya, na ƙarshe shi ne mutum ya ɗauki alhakin ingancin aikin. Abin da za ki kai masa kare shi ne. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Amma yadda za ki kai yana da muhimmanci. Kada ki tare shi a baranda, kada ki tura dogon saƙo ta waya. Ki nemi minti talatin, ki ce a kan sashen hanyar aiki ne. Ki je da takarda ɗaya: zanen nan da ya gani, amma wannan karon an yi wa samfuran launi bisa lambar kwali, ba bisa lafiya ko ciwo ba. Ki ajiye a gabansa ki bar shi ya gani da idonsa. Ki fara da naki laifin, cewa ba ki saka kwalba fanko ba kuma ba ki gauraya samfuran ba. Daga nan ki faɗi abin da za a yi, da makonnin da zai ci, da abin da ake bukata. Mu malamai muna iya haɗiye mummunan labari idan ya zo tare da hanyar fita.

Maganar neman wani kuwa, babu cin amana a ciki muddin ta hannunsa aka bi. Mutum ɗaya ba zai zama likitan yara da masanin ɗakin gwaji da masanin lissafi a lokaci guda ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki ce masa, "Ranka ya daɗe, wa kake ganin za mu jawo ya duba mana ɓangaren tatsa da tantancewa?" Ki bar shi ya kawo suna, ko ya amince da wanda kika kawo, kuma a yi maganar matsayin mutumin a maƙalar tun yanzu kafin ya taɓa komai. Jo Handelsman, masaniyar ƙananan halittu, tana cikin waɗanda suka tsara darussan horar da masu duba ɗalibai a Jami'ar Wiskonsin a 2005, kuma ɗaya daga manyan darussan shi ne malami da ɗalibi su zauna su fayyace abin da kowa ke tsammani daga ɗan'uwansa. Minti goma sha biyar a wata bai isa ɗalibar shekara ta uku ba. Ki roƙi zama duk mako biyu, ki riƙa tura abin da za a tattauna kwana ɗaya kafin nan, bayan an tashi ki tura layi biyar na abin da aka tsayar.

In kuma ya ƙi, ya ce a aika haka, to ki dawo nan mu yi magana, domin wannan wata matsala ce daban, kuma kwamitin karatunki don irin ta aka kafa shi. Ban zaci za a kai can ba.

Mai_Tsinken_Auduga ta amsa:

Malamai, na dawo da labari. Jiya da yamma na gan shi. Na yi yadda Malam ya ce, na ajiye takardar na yi shiru, hannuna na rawa a ƙarƙashin tebur. Ya ɗaga ta, ya cire tabarau, ya sake sakawa. Ya daɗe bai ce komai ba. Wayarsa ta yi ƙara ya kife ta. Sai ya tambaye ni, "Tun yaushe kika sani?" Na ce kwana tara. Ya ce da na zo tun ranar farko.

Ba zan ce ya ji daɗi ba. Ya riga ya faɗa wa wasu abokan aikinsa labarin Ralstonia, na ga abin ya taɓa shi. Amma da kansa ya ɗauko irin maganar da Dakta ta yi, cewa ya taɓa ganin Ralstonia a jinin wani jariri a ɗakin jinya, kuma tun farko ya kamata abin ya tsaya masa a rai. Ya amince a sake tatsa. Kuɗin da ya rage ba zai kai duka gwajin bairos ba, don haka RSV kawai za mu yi. Ya ce zai yi wa wata malama a sashen nazarin ƙananan halittu magana ta shigo aikin, kuma za mu riƙa zama ranar Talata duk mako biyu.

Dakta, na duba takardun yaran. Cikin 60 marasa lafiya, 41 an riga an yi musu allura kafin in ɗauki samfur, 19 ne kawai ba a yi wa ba. Ina tunanin in ware su in duba daban, ko sun yi kaɗan?

Baba Dattijo, tambaya ɗaya kafin in buɗe firiza ranar Litinin: injinmu na juya kwalabe 24 yake ɗauka a zagaye guda. In na saka fanko biyu da tsinke mara samfur ɗaya da haɗin ƙwayoyi ɗaya, saura gurbi 20, wato zagaye shida. Tsinken da ba a sa a hanci ba, dole ne ya kasance daga kwalin da na yi aiki da shi a asibiti? Guda huɗu kawai suka rage mini a cikinsa.